Yarinyar da ta iya canji amma ta faɗi gwajin ruwa

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Malamai ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Jarrabawar ilimin halayyar ɗan Adam ta matso, sai na ce maimakon haddar da ba ta zama, bari in gwada gwajin ruwan nan na Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma, da hannuna. Akwai 'yar yayata a gidanmu, shekararta 6 da 'yan watanni. Na zuba ruwa kai ɗaya a kofuna biyu iri ɗaya, ta duba ta ce daidai suke. A kan idonta na juye ɗaya a wata doguwar kwalba siririya, na ce yanzu wanne ya fi yawa? Ko ɗar ba ta yi ba, ta nuna kwalbar. Abin da ya ɗaure mini kai, yarinyar nan ita ke zama wa uwarta a kan tiren gyaɗa a ƙofar gida. Miƙa mata naira 500 ka ɗauki na 150, za ta ƙirgo maka 350 cif. Yaya za a ce mai wannan lissafi tunaninta bai nuna ba?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Malama ai amsar a fili take. Bature ya zauna a ƙasarsa ya zuba wa 'ya'yansa uku ido ya rubuta littafi, mu kuma aka ce mu haddace ko mu faɗi jarrabawa. Yarinyarki lafiyarta lau, littafin ne bai san da zamanta ba.

Ustaz Auwal: Ni kafin a yi nisa a gaya mini yadda ake kiran sunan. Malaminmu Fiyaget yake cewa.

Isufu Maraɗi: Fiyaje ne, Allah gafarta Malam. Mu da muka yi lakkol da Faransanci ko nan kaɗai mun fi ku hutawa.

Malam Sani: Kabiru, rabin gaskiya ka faɗa. 'Ya'yansa ukun nan, a kansu ya gina bayanin shekara biyun farko, lokacin da jariri ke sanin duniya da baki da hannu da ido. Sauran kuwa shi da abokan aikinsa sun zauna da yara masu yawa a Janiba, shekara da shekaru. An haife shi a Suwizalan a 1896, ya mutu a 1980, kuma asalinsa mai nazarin dodon koɗi ne, ba malamin aji ba. Wajen 1920 ya yi aiki a Faris inda ake tsara gwajin basirar yara. An sa shi duba wanda ya ci da wanda ya faɗi, shi kuma amsoshin kuskure suka ɗauke masa hankali, don ya lura sa'annin juna kuskure iri ɗaya suke yi. Daga nan ya ce ba ƙarancin sani ne kawai ya raba yaro da babba ba, hanyar tunanin ma daban take.

Malama, 'yarki tana mataki na biyu a cikin huɗun da ya lissafa, na shekara 2 zuwa 7. Akwai magana, akwai wasan kwaikwayo, amma ido na rinjayar hankali. Tsawon ruwan ta kalla, ba ta haɗa da sirantakar kwalbar ba, kuma ba ta mayar da ruwan cikin kofi a zuci ta ga ai shi ɗin ne dai. Daga 7 zuwa 11 za ta iya haka matuƙar abin yana gabanta. Daga 11 ko 12 sai tunani a kan abin da ba a gani, irin na "da a ce". Don haka inda ya ce za a same ta, nan kika same ta.

Malama Hadiza: To canjin fa, Malam? Shi ne tambayata.

Malam Sani: Nan ne Kabiru ya samu wurin tsayawa. A 1985 wasu masu bincike suka buga abin da suka gani a birnin Recife na Birazil. Sun je wurin yara masu talla kamar masu saye, yaran suka yi lissafin kuɗi da ka, kusan babu kuskure. Da aka kawo musu lissafin nan dai a takarda, sai suka yi ta faɗuwa. Kai ɗaya, lissafi ɗaya, wuri ne ya bambanta.

Kusa da mu ma an yi. A 1961 wani mai suna Price-Williams ya gwada yaran Tibi a nan Najeriya, amma da kayan da suka saba gani irin su ƙasa, ya tarar sun gane cewa yawan abu ba ya canzawa don an canza masa mazubi, a shekarun da yaran Turai ke ganewa. A Senegal kuma Patricia Greenfield ta gwada yaran Wolof da ba su shiga boko ba. Da yawansu suka ce ruwan ya ƙaru saboda ita ce ta juye. Da aka bar su suka juye da hannunsu, waɗanda suka ba da amsa daidai suka ƙaru sosai.

Hajiya Binta: Sani, bari in sa baki, ko da yake mu tsofaffin hannu ne. Shekara 35 na yi a firamare kafin in yi ritaya. Yaronmu in babba ya yi masa tambaya ya amsa, babban ya sake maimaita tambayar, to ya san ya yi kuskure ke nan, zai canza amsa. Haka muka tarbiyyantar da shi. Hadiza ta tambaye ta sau ɗaya ta ce daidai suke, ta taɓa ruwan ta sake tambaya. Yarinya mai kunya me za ta ce wa gwaggonta?

Malam Sani: Hajiya, wallahi abin da wasu suka gano a Sikotland ke nan a 1974, McGarrigle da Donaldson. A gwajin da ake jera abubuwa layi biyu a tambayi yaro ko yawansu ɗaya, maimakon babba ya baza layi ɗaya, sai suka sa wata 'yar tsana ta zo ta hargitsa su kamar da ɓarna. Yara 'yan shekara 4 zuwa 6 da yawa suka amsa daidai. Su sai da suka shirya bincike, ke kuma allo da alli suka koya miki.

Kabiru: Kun ga ni ko? Ashe dai littafin ne.

Malam Sani: A'a, kada ka yi saurin murna. Abin da ya girgiza shi ne shekarun da ya yanka, da yadda yake tambayar. Jerin matakan kuwa ya tsaya a wurare da yawa da aka gwada. Ba a saba ganin yaro ya fara da tunanin "da a ce" sannan ya dawo yana koyon cewa cokalin da aka rufe da zane bai ɓace ba.

Isufu Maraɗi: Ni Vygotsky ya fi kwanta mini. Shekararsu ɗaya da Piaget, 1896, amma tarin fuka ya kashe shi a Mosko a 1934 yana da shekara 37, kuma aka daɗe ba a karanta shi a waje ba, sai a 1962 aka fitar da littafinsa da Ingilishi. Shi cewa ya yi kada ka auna yaro da abin da zai iya shi kaɗai kurum, ka auna da abin da zai iya in an kama masa. Tsakanin biyun nan ne karatu yake. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. Malam ba zai iya biya wa yara hamsin ɗaya bayan ɗaya ba, sai wanda ya wuce ka da izu biyu ya zauna ya biya maka, ka bi bakinsa, gobe ya yi shiru sai ka kakare ya ɗago ka, jibi ka biya kai kaɗai. Yarinyar Malama haka ta koyi canji, tana gefen uwarta. Ruwa a kwalba kuwa wa ya taɓa zama da ita a kansa?

Ustaz Auwal: Abin da ya ba ni sha'awa shi ne shekara 7 ɗin nan. Hadisi ya zo a Abu Dawud cewa a umarci yara da salla suna da shekara 7, a tsananta a 10, a raba musu shimfiɗa. Ga shi Bature ya zo bayan shekara fiye da dubu ya ce a 7 tunani ke juyawa.

Malam Sani: Allah gafarta Malam, dacewar tana da kyau, amma ina jin tsoron mu riƙa jingina nassi da ra'in da gobe wani zai iya rushe shi. Yanzu muka gama cewa shekarun Piaget sun girgiza.

Ustaz Auwal: Na karɓa. Ai malaman fiƙihu ma ba duka suka ɗaure wayo da shekara ba. Wasu suka ce mumayyizi shi ne wanda zai fahimci magana ya mayar da amsa. Kuma a Suratun Nisa'i, wajen dukiyar maraya, ba balaga kaɗai aka ambata ba, sai an gwada shi an ga shiriya tare da shi sannan a miƙa masa. Wato girman jiki daban, nunar hankali daban.

Kabiru: To Freud fa? Shi ma za ku wanke shi?

Malam Sani: Shi kam ka yi yadda ka so da shi. Likita ne a Biyana, manya masu damuwa yake saurara, daga labarinsu ya gina matakai biyar na ƙuruciya, kuma yawancin abin ba ya gwaduwa. Abin da ya bari mai amfani shi ne cewa abin da ya faru da mutum yana ƙarami yana bin sa. Malama ki haddace sunayen matakan don jarrabawa, ki wuce.

Nafisa: Ina ta karantawa ban yi magana ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mijina ne ya sa ni a nan. Maganar abin da ke bin yaro ce ta taɓa ni. An koya mana Bowlby, cewa jariri na bukatar shaƙuwa da uwarsa ba yankewa, in ba haka ba zai samu matsala. Ɗana watansa 10, in ina aikin dare wurin kakarsa yake kwana, da rana wani lokaci abokiyar zamana ke goya shi. Ranar nan na dawo na miƙa hannu ya maƙale wa kakarsa. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Hajiya Binta: Haba 'yata. Share hawayenki. Ni 'yar fari ce, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. A gaban mutane ko kallona ba ta yi. Kakata ce ta yaye ni, a ɗakinta na girma. Ga ni nan na haifi 8 na aurar da su, ban ga abin da ya same ni ba.

Malam Sani: Malama Nafisa, Bowlby ya rubuta rahoton nan ne wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, bayan yaƙin duniya na biyu, idonsa na kan yaran da aka raba da iyayensu aka tara a gidajen marayu da asibitoci, inda babu wani tsayayyen mutum da ke ɗaukar su. Ba halin ɗanki ba ke nan. Wadda ta ƙarfafa ra'in nasa da bincike ma, Mary Ainsworth, a Afirka ta fara: a Yuganda, kusa da Kamfala, a 1954 zuwa 1955, tana shiga gidaje tana kallon uwaye da jarirai. Daga baya ta tsara gwajinta na auna shaƙuwar jariri da uwarsa a Baltimo ta Amurka.

Kuma an yi irin wannan nazari a kan jariran Hausawa, Robert Marvin da abokansa, ciki har da Robert LeVine, aka buga a 1977. Sun tarar jariri a gidan yawa yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, amma akwai wanda ya fi gudu wurinsa, galibi wanda ya fi ɗaukar sa, ko da ba mahaifiyar ba ce. Ɗanki yana da inda zai gudu in ya tsorata, abin da ake nema ke nan. Inda ake ganin illa ta gaske shi ne irin gidajen marayun Romaniya da aka bankaɗo bayan 1989, yara a kwance babu mai ɗaga su. Ko a can, waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa.

Nafisa: Na gode Malam. Na gode Mama. Amma dai zan nemi a rage mini aikin dare.

Kabiru: Duk kun tsaya kan yara. Ni shekarata 31, na gama digiri, ina koyarwa a makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni ƙarshen wata, ban yi aure ba. A gidanmu in ana shawara sai a ce yara su ba mu wuri, da ni ake. Ƙanina ɗan 24 mai shago da mata da ɗa, shi yana ciki. Wane mataki nake a littafinku?

Isufu Maraɗi: Matakin gwauro.

Kabiru: Ko tuzuru ba. Gwauro ai ya taɓa yi.

Malam Sani: Dariya a gefe, tambayar Kabiru ita ta sa Erikson ya fi sauran amfani, don shi bai tsaya a balaga ba, ya kai har kabari. Mataki takwas ya kawo a 1950, kowanne da abin da ake kokawa da shi. Jariri: in yarda da duniya ko kada in yarda. Ɗan firamare: na iya ko ban iya ba. Saurayi: ni wane ne. Shi kansa bai taɓa sanin mahaifinsa ba, an haife shi a Jamus a 1902, ya koma Amurka a 1933, har sunan Erikson ɗin shi ya raɗa wa kansa. Ba mamaki tambayar "ni wane ne" ta dame shi. Kai a lissafinsa kana na shida, neman abokin rayuwa ko kaɗaici. Amma ya ɗauka mai shekarunka ya riga ya samu abin yi. A 2000 Jeffrey Arnett ya ce akwai wani zango tsakanin 18 da 25 da mutum ba yaro ba, ba babba ba, sai dai shi yana maganar matasan da ke jinkiri don suna zaɓe. Naka jinkirin ba zaɓi ba ne.

Hajiya Binta: Mu a wurinmu ai ba shekara ke sa a ce mutum ya girma ba, nauyi ne. Yaro in aka aike shi ya kai saƙo daidai, ya dawo da canji, bai tsaya wasa ba, sai a ce ya yi hankali. Ba a cewa ya yi hankali don ya iya karatu, wannan ƙwaƙwalwa ake cewa.

Malam Sani: Akwai ɗan Kamaru daga yankin Bamenda, Bame Nsamenang, da ya gina ra'insa kacokan a kan wannan a 1992: cewa a yawancin al'ummunmu ana auna girman yaro da irin nauyin da za a iya ɗora masa, aike da raino da kiwo. Da ma'auninsa, 'yar Malama Hadiza mai tsare tire ta yi gaba. Kuma Kabiru, ga abin da zai yi maka daɗi: Arnett ɗin nan ya duba manyan mujallun fannin a 2008, ya tarar kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu Amurkawa ne.

Ustaz Auwal: Amma kada a ɗauka ana yabon talla. Tire a ƙofar gida gaban uwa daban, yawo a tasha daban.

Hajiya Binta: Sosai. Na sha zuwa gidaje a kan haka, har an taɓa yi mini kashedi.

Ni dai Sani, nawa matakin nake so in ji. Tun da na bar aiki, sunan mutum sai ya tsaya mini a maƙogwaro. Jikata ta nuna mini abu a waya sau uku ban riƙe ba. Amma in aka kawo mini rikicin aure, kafin su gama bayani na san inda aka karkace.

Malam Sani: Hajiya, kin ba da misalin da ya fi na littafi. Wasu masana biyu, Cattell da Horn, sun raba basira gida biyu. Akwai ta saurin kama sabon abu, ita tun ana matashi take fara ja da baya a hankali. Akwai ta abin da aka tara, kalmomi da sani da gogewa, ita tana ƙaruwa har cikin tsufa. A Siyatil ta Amurka, Schaie ya fara bin mutane tun 1956, ana sake gwada su duk bayan shekara 7, aka ga yawancin raguwar ba ta fitowa fili sai an haura 60. A wurin Erikson kuwa, mataki na bakwai shi ne gina masu tasowa, na takwas shi ne waiwaye: mutum ya dubi rayuwarsa ya ce alhamdu lillahi, ko nadama ta cinye shi. Ke ina ga ƙafarki ɗaya tana na bakwai har yanzu, tunda ga ki nan kina gyara mu.

Ustaz Auwal: Suratur Rum ta taƙaita shi: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. A Ahƙaf kuma aka ambaci cikar ƙarfi da shekara 40.

Nafisa: Mama, manta suna ya dawo daga baya ba komai ba ne. Wanda muke so a kawo asibiti shi ne tsohon da ya ɓata a unguwarsu, ko ya kasa gane 'ya'yansa, ko ya ci abinci ya ce an hana shi. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ke yin sa ba. Mutane sai su ce gigin tsufa ne su kulle shi a ɗaki, wata tsohuwar ma har a yi mata ƙazafin maita.

Malama Hadiza: Assalamu alaikum, barkanmu da safiya. Na sake gwadawa jiya bayan la'asar kamar yadda aka ce. Na sa ta ƙirga gyaɗa 20 a gwangwani biyu da hannunta, ita ta juye ɗaya a kwalbar, kuma ƙanwata ce ta tambaye ta, ba ni ba. Ta kalle ta ta ce, "Anti, ai ba a ƙara ba, ba a rage ba." Na yi murna. Sai na kawo ruwa, ita ta juye da kanta. Ta daɗe tana kallo, ta ce daidai suke, sannan ta ce a'a, na kwalba ya ɗan fi.

Malam Sani: Madalla. Piaget ma ya lura da wannan, ba rana ɗaya ake gane duka ba. Abin da ake ƙirgawa ne kan gaba, nauyi sai wajen 9, girman wurin da abu ke ci sai wajen 11. Jinkirin da ta yi ɗin nan shi ne alamar tana bakin ƙofa. Ki rubuta ranar, ki sake bayan wata 6.

Kabiru: Ni dai har yanzu ina kan bakana.

Malama Hadiza: Kai ka sani. Yanzu matsalata ɗaya, yara sun cinye gyaɗar gwajin, yarinyar ta ce kuɗinta naira 100 ne, kuma ta ƙi yarda in biya gobe.